Kimiyyar kwamfuta ko tsarin bayanai: wanne zan cike a JAMB?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na gama sakandare bara, ina da kiredit a Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri, amma lissafin da ƙyar na samu C6. Bana zan sake zana JAMB. Ina son harkar kwamfuta, sai dai na rasa wanda zan cike tsakanin Computer Science da Information Systems. Wani yayana ya ce na biyun ba shi da lissafi, kuma wai duk abu ɗaya ne. Wasu kuma suna cewa ƙirƙirarriyar basira ta riga ta kashe aikin rubuta manhaja. Ko laftof ba ni da ita tukuna. Wace shawara za ka ba ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa a dace a wannan karon.

Yayanka ya faɗi rabin gaskiya. Lissafin da ke cikin Information Systems, wanda zan riƙa kira tsarin bayanai, bai kai na kimiyyar kwamfuta yawa ba, wannan haka yake. Amma batun cewa abu ɗaya ne, a'a. Ɗaliban suna haɗuwa a wasu darussa, na'ura ɗaya suke taɓawa, sai dai tambayar da kowane fanni yake ƙoƙarin amsawa daban ce. Abin da na fi jiye maka shi ne ka ɗauki karatun shekara 4 don kana gudun wani abu, ba don kana son wani abu ba. Masu yin haka galibi a aji biyu suke gane an gudu ne ba a tsira ba.

Kimiyyar kwamfuta daga lissafi ta fito. A 1936, lokacin da babu kwamfuta irin wadda muka sani ko ɗaya a duniya, Alan Turing ya rubuta takardar da ta fayyace abin da na'ura za ta iya lissafawa da abin da ba za ta taɓa iyawa ba komai ƙarfinta. Sashen farko mai wannan suna a Amurka an buɗe shi a Jami'ar Purdue a 1962. A nan gida ma haka abin ya zo. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a ƙarƙashin Sashen Lissafi karatun ya girma, kuma cibiyar kwamfutar jami'ar sunan masanin lissafi aka sa mata, Farfesa Iya Abubakar. Tsarin bayanai kuwa a makarantun kasuwanci ya taso. A shekarun 1960 kamfanoni da ma'aikatu sun fara sayen kwamfutoci masu tsadar gaske, sai suka tarar waɗanda suka iya na'urar ba su san aikin ofis ba, 'yan ofis kuma ba su san me za su nema daga na'urar ba. Jami'ar Minesota ta Amurka na cikin waɗanda suka fara horar da mutanen da za su tsaya a tsakani, tun 1968. A Najeriya, a Disamban 2022 ne Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabon kundin karatu mai suna CCMAS, inda fannin kwamfuta ya tsaya da ƙafarsa, aka kasa shi gida-gida: kimiyyar kwamfuta, injiniyancin manhaja, tsaron intanet, kimiyyar alƙaluma, fasahar sadarwa, tsarin bayanai da sauransu.

Tarihi kaɗai ba zai nuna maka bambancin ba, don haka mu ɗauki matsala ɗaya da na tabbata ka sani, ko a kanka ko a kan wani na gida. Mutum ɗaya ne, amma a takardar firamare sunansa Sani Abdullahi, a sakamakon WAEC Muhammad Sani Abdullahi, a banki Mohammed Sani tare da sunan garinsu, a katin ɗan ƙasa kuma wani abu dabam. Tun da aka wajabta lambar NIN wajen rajistar JAMB a 2021, yaranmu da yawa sun sha zirga-zirgar gyaran suna. To, a ce an ba ka rumbun bayanai mai ɗauke da mutum miliyan 100, adadin da rajistar NIN ta haura tun 2023, aka ce ka tsamo waɗanda suka maimaitu.

Ɗan kimiyyar kwamfuta zai fara da batun nema. Idan ka bi sunaye ɗaya bayan ɗaya, kana iya duba miliyan 100 kafin ka samu mutum guda. Idan kuwa an jera su bisa lamba, sai ka buɗe tsakiya, ka ga ko lambar da kake nema tana sama ko ƙasa, ka watsar da rabi, ka sake buɗe tsakiyar abin da ya rage. Da wannan dabarar, duba 27 ya ishe ka, domin 2 idan aka ninka ta da kanta sau 27 ta haura miliyan 134. Daga nan sai batun kamanni: yaya na'ura za ta san Muhammad da Mohammed sun yi kusa? Wani masanin lissafi ɗan Rasha, Vladimir Levenshtein, ya ba da ma'auni a 1965: ƙirga harafi nawa za ka canza, ko ka ƙara, ko ka cire, kafin wannan kalma ta koma waccan. Tsakanin Muhammad da Mohammed canji 2 ne kacal. Sai babbar matsalar ta taso. Idan ka ce za ka gwada kowane suna da kowane suna, gwajin zai kai 5 mai sifili 15 a bayanta. Ko da na'urarka tana gwaji miliyan 1 a kowace daƙiƙa, za ka shafe sama da shekara 150 ba ka gama ba. Dole ka ƙirƙiro hanyar da za ta kasa mutanen rukuni-rukuni tukuna, misali bisa shekarar haihuwa da ƙaramar hukuma, sannan ka gwada cikin kowane rukuni, kuma ka iya faɗin me ka yi asara da wannan kason. Abin da ake koya a kimiyyar kwamfuta ke nan: shin hanyar daidai take a kowane hali, lokaci nawa za ta ci, wuri nawa za ta ci a ƙwaƙwalwar na'ura, kuma me zai faru idan bayanan suka ninka sau 10.

Yanzu duba wannan. Hasana da Husaina, tsakaninsu ma canji 2 ne a ma'aunin nan. Mahaifinsu ɗaya, ranar haihuwarsu ɗaya, gidansu ɗaya. Hanyar da ta haɗe Muhammad da Mohammed za ta haɗe tagwayen nan su koma mutum ɗaya, wata rana a hana ɗaya zana jarrabawa ko buɗe asusu. A nan ne ɗan tsarin bayanai yake shigowa, kuma tambayoyinsa wasu ne dabam. Wa ya tsara fom mai gurbi 3, sunan farko da na tsakiya da na dangi, alhali Bahaushe yana da sunan yanka, da sunan da ake kiransa a gida, da sunan mahaifi, wani lokaci da na kaka ko na gari, kuma babu wanda yake sunan dangi irin na Turawa a cikinsu? Macen da ta yi aure aka maye sunan mahaifinta da na mijinta a takarda ɗaya, wane ne na gaskiya a wurin hukuma? Dattijon da bai san ranar haihuwarsa ba, aka rubuta masa 1 ga Janairu, yaya za a nuna a rumbun cewa ƙiyasi ne? Idan banki da makaranta da hukumar katin ɗan ƙasa suka saɓa, maganar wa za a ɗauka? Wa ke da ikon gyara suna, kuma ina ake ajiye shaidar cewa wane ne ya gyara, a rana kaza, bisa hujja kaza? Idan ana biyan mai shigar da bayanai gwargwadon yawan mutanen da ya yi wa rajista, me zai hana shi gaggawa? Idan sabis ya ɗauke a ƙauye, aiki zai tsaya ne ko akwai hanyar ajiyewa a tura daga baya? Ko shawarar a dogara da zanen yatsa maimakon suna, wadda ita ce take raba tagwayen, shawara ce ta tsari kafin ta zama ta fasaha, kuma tana da nata kuɗin da nata matsalar, domin yatsun manomi da na tsoho ba koyaushe na'ura take iya karanta su ba.

Kada ka ɗauka waɗannan tambayoyin ƙanana ne. A Birtaniya, hukumar gidan waya ta fara aiki da wata manhajar lissafin kuɗi mai suna Horizon, ta kamfanin Fujitsu, a 1999. Manhajar tana da kurakurai da ke nuna giɓin kuɗi a rassan da babu abin da ya ɓata. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da masu riƙe da rassa sama da 900 bisa zargin sata da almundahana, wasu suka tafi gidan yari, wasu suka rasa gidajensu da mutuncinsu. Sai a 2019 babbar kotu ta tabbatar da kurakuran, a 2024 kuma majalisa ta yi dokar soke hukuncin. Babu manhajar da ba ta da kuskure, kowa a wannan sana'a ya sani. Abin da ya mayar da kuskure ya zama zalunci shi ne tsarin da aka gina a kewayenta: an ɗauki abin da allo ya nuna a matsayin hujjar da ba a ja da ita, mai reshe ba shi da hanyar bin diddigin lissafinsa, kuma ana iya taɓa bayanan daga nesa ba tare da saninsa ba. Yanzu da albashi, fansho, sakamakon jarrabawa da kuɗin makaranta duk suka koma kan na'ura a ƙasarmu, ina ganin muna buƙatar ƙwararrun tsarin bayanai ƙwarai da gaske, kuma yana damuna idan na ji ana kiran fannin mafakar masu tsoron lissafi.

Ta fuskar darussa, aji ɗaya kusan ɗaya ne ga kowa: lissafi, fiziks, gabatarwa kan kwamfuta, da darussan bai-ɗaya na GST. Ka ga ke nan ko tsarin bayanan ka cike, lissafin aji ɗaya yana jiranka, har da kalkulas. Daga aji biyu hanya take fara rabuwa. Ɗan kimiyyar kwamfuta zai nutse cikin rubuta manhaja, da hanyoyin jera bayanai a ƙwaƙwalwar na'ura, da ginin kwamfuta daga ƙofofin lantarki zuwa sama, da yadda babbar manhaja irin Linux ko Windows take raba aiki, da nazarin algoridim, wato jerin matakan da ake bi a warware matsala, da yadda ake fassara harshen manhaja zuwa abin da na'ura take ganewa. Ɗan tsarin bayanai shi ma zai koyi rubuta manhaja, amma zai fi daɗewa a kan binciken yadda ma'aikata take gudanar da aikinta, da zana tsarin da zai dace da ita, da tafiyar da aikin kwangilar manhaja, da binciken ƙwaƙwaf kan tsaro da amincin bayanai, da ɗan abin da ya samu na akanta, tattalin arziki da gudanarwa. Wahalarsa ba ta lissafi ba ce, ta rubutu da magana ce. Zai zauna da akanta ko nas ko magatakarda ya tatso abin da suke yi a zahiri, wanda sau da yawa ya saɓa da abin da ke rubuce a ƙa'idar ofis, sannan ya rubuta shi dalla-dalla yadda mai gina manhaja ba zai yi kuskuren fahimta ba. Wanda ba ya son rubuta rahoto ko yi wa mutane tambaya zai jigata a nan.

Darasi ɗaya ne nake roƙon kada ka yi wasa da shi ko wanne ka zaɓa, shi ne na rumbun bayanai. Tun da Edgar Codd na kamfanin IBM ya fito da tsarin ajiye bayanai cikin jadawalai masu alaƙa da juna a 1970, kusan duk banki da asibiti da jami'a a kansa suke tsaye, kuma harshen SQL da ake tambayar rumbun da shi ya wuce shekara 40 ana cin abinci da shi. Harsunan manhaja suna zuwa suna wucewa, wannan bai gusa ba.

Mu dawo kan lissafi, tunda shi ne ainihin damuwarka. C6 ba ta gaya mini komai a kanka ba, sai dai cewa ka ci. Ba ta gaya mini ko malaminku yana zuwa aji ba, ko an taɓa nuna maka dalilin wata ƙa'ida ko kuwa hadda kawai aka ba ka. Kuma lissafin da kimiyyar kwamfuta ta fi dogara a kai ba irin wanda ya fi ba ɗalibai tsoro a sakandare ba ne. Lissafi ne na hujja da sharaɗi: idan kaza gaskiya ne kuma kaza ƙarya ne, me ya biyo baya, rukunin abubuwa da yadda suke shiga juna, hanyoyi nawa za a iya jera abu, taswirar garuruwa da hanyoyin da suka haɗa su, da yadda za a gano mafi kusa, yadda ake tabbatar da cewa magana gaskiya ce ga kowace lamba ba tare da an gwada su duka ba. Idan ka yi karatun rabon gado a Islamiyya, ka riga ka ɗanɗana irin tunanin. Matar mamaci tana da rubu'i idan babu ɗa, sumuni idan akwai. Wannan magajin yana katange wancan. Idan kason ya haura asali sai a yi auli. Ƙa'idoji ne masu sharaɗi da dole a bi su a jere, kuma kuskure a mataki ɗaya yana ɓata duka. Ba banza ba Al-Khawarizmi, malamin Bagadaza na ƙarni na 9 da ake jingina wa aljabara, ya cika babban ɓangare na littafinsa da matsalolin gado da wasiyya. Wanda yake jin daɗin warware irin wannan, kimiyyar kwamfuta ba za ta gagare shi ba. Inda lissafin yake ƙara nauyi shi ne idan ka nufi ƙirƙirarriyar basira ko sirranta saƙonni, domin can sai da aljabarar jadawali, da ilimin yiwuwar aukuwa, da nazarin lambobi.

Kafin ka cike fom, gwada kanka. Akwai manhajojin waya da ke gudanar da harshen rubuta manhaja mai suna Python, kuma darussan farko kyauta suke a intanet, har da kwas ɗin CS50 na Jami'ar Harvard. Ka ba abin mako 3, awa 1 ko 2 kullum. Bayan ka koyi abubuwan farko, rubuta ɗan shiri, wato ƙaramar manhaja, da zai karɓi makin ɗalibai 30 ya jera su daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, ba tare da ka kira umarnin jerawa da ke cikin harshen ba. Zai ƙi aiki, wannan tabbas ne. Abin lura shi ne halinka a lokacin da ya ƙi. Idan ka tsinci kanka kana tunaninsa a kan hanyar masallaci, kana ɗokin dawowa ka gwada wata dabara, to alama ce babba. Sannan ka yi gwaji na biyu: je shagon wani ɗan uwa ko kantin magani na unguwa, ka nemi izini ka zauna yini guda, ka rubuta yadda kaya suke shigowa, yadda ake rubuta bashi, wa ke riƙe littafi, a ina kuɗi ko kaya suke iya salwanta ba a sani ba. Duba wanne cikin biyun ya fi riƙe hankalinka.

Idan ka gwada kuma har yanzu ka kasa rabewa, ra'ayina shi ne ka cike kimiyyar kwamfuta. Dalilina biyu ne. Na farko, wanda ya yi ta yana iya koyon harkar ofis da kasuwanci a bakin aiki ko a digiri na biyu, amma wanda bai yi nazarin algoridim da ginin na'ura a jami'a ba, da wuya ya zauna ya koye su daga baya yana fama da aiki da iyali. Jami'o'in waje da dama, musamman na Jamus, sukan ƙirga yawan darussan lissafi da na nazari da ka yi kafin su ɗauke ka digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta. Na biyu, sunan ya fi daɗewa, masu ɗaukar aiki sun fi saninsa, kuma kusan kowace jami'a tana da sashen. Amma idan gwajin shago ne ya kama ka, kada ka ji wai ka zaɓi ƙarami. Aikin mai nazarin tsari, mai kula da rumbun bayanai, mai binciken tsarin kwamfutar banki, duk suna nan, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta wa manyan masu riƙe bayanan jama'a su naɗa jami'in kare bayanai.

Batun ƙirƙirarriyar basira kuwa, gaskiya ne tun fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022 na'ura tana rubuta manhaja cikin daƙiƙoƙi, kuma ƙananan ayyukan da a da ake ba sabon shiga sun ragu. Ba zan ɓoye maka wannan ba. Sai dai abin da take rubutowa yakan zo da kuskure sanye da rigar daidai, kuma dole a samu wanda zai karanta, ya gwada, ya sa hannu cewa wannan ba zai cinye kuɗin mutane ba. Wanda bai taɓa rubuta layi 200 da kansa ba, ya ga sun ƙi aiki, ya zauna ya gano dalili, ba zai iya kama kuskure a layi 2,000 da na'ura ta miƙo masa ba. Haɗarin da nake gani a kan ɗalibai ba rashin aiki nan gaba ba ne, a'a, su kai aji huɗu na'ura tana yi musu aikin gida, su fito da takarda babu komai a ka. A shekara 2 na farko, ka fara gwadawa da kanka, idan ka maƙale ka nemi ta bayyana maka inda ka kauce, kada ka ce ta rubuto maka amsa.

Laftof ba sharaɗin samun gurbi ba ce, kuma za ka iya lallaɓa aji ɗaya da waya da ɗakin kwamfutar makaranta. Daga aji biyu kam dole ce. Ta hannu mai kyau ta isa: RAM gig 8, ma'ajiya irin SSD, da batir mai riƙe caji, wanda a yanayin wutarmu ya fi kyan jiki muhimmanci. Ka fara tari tun yanzu. Ina nanata wannan ne domin a sassa da yawa ɗalibai sun fi na'urori yawa nesa ba kusa ba, har a koyar da rubuta manhaja a kan allo, a yi jarrabawarta da biro da takarda. Mutum yana iya samun A a haka alhali bai taɓa ganin shirinsa ya gudana ba. Duk abin da aka rubuta a allo, ka koma ɗaki ka buga shi, ka lalata shi da gangan, ka gyara. Ka nemi abokai 2 ko 3 masu irin wannan himmar tun zangon farko, domin su ne za su riƙe ka lokacin yajin aiki da lokacin da gwiwa ta yi sanyi.

Akwai watannin sanin makamar aiki na SIWES, wanda asusun ITF yake kula da shi, galibi wata 6. Ɗalibai da yawa suna ɓarar da su a shagon buga takardu, ko su riƙa zuwa sa hannu kawai a littafi. Ka fara neman wuri tun shekara guda kafin lokacin, wurin da ke da rumbun bayanai na gaske da mutanen da ke dogara da shi, kamar sashen kwamfuta na asibiti, ko banki, ko kamfanin sadarwa, ko ƙaramin kamfanin manhaja da zai bar ka ka taɓa aiki. Haka firojet na aji huɗu. Kada ka saya, kada ka kwafi na bara. Harshenmu kaɗai cike yake da matsalolin da ba a gama warwarewa ba. Gwada neman Ɗanjuma a rumbun da wani ya rubuta Danjuma, wani kuma ya sa alamar ɗauri kafin D, ka ga yadda mutum ɗaya yake zama 3. Masu bincike na HausaNLP da ƙungiyar Masakhane suna aiki a kan koya wa na'ura Hausa da sauran harsunan Afirka, kuma ƙofarsu a buɗe take ga ɗalibin da ya zo da niyyar aiki. Ɗan tsarin bayanai kuma zai iya ɗaukar asibitin sha-ka-tafi guda, ko makarantar Islamiyya, ko ƙungiyar manoma, ya gina musu abin da za su ci gaba da amfani da shi bayan an ba shi maki.

Saura batun fom. Don kimiyyar kwamfuta, darussan JAMB su ne Turanci, Lissafi, Fiziks, da ɗaya daga cikin irin su Kemistiri ko Bayoloji, sai dai kiredit 5 ake nema a sakamakon sakandare, kai kuwa 4 ka lissafa, don haka ka tabbatar kana da na biyar. Ka buɗe kundin JAMB na bana ka karanta layin jami'ar da kake so da idonka, kada ka bar wa mai shagon intanet ya zaɓa maka. Tsarin bayanai ba kowace jami'a take yin sa da wannan sunan ba. Jami'ar Amurka da ke Yola tana yi, wasu kuma abin da za ka tarar shi ne Information Technology, wato fasahar sadarwa, wanda ya fi karkata ga haɗa na'urori, hanyoyin sadarwa da kula da su. Jami'ar Bayero ta Kano tana da kimiyyar kwamfuta, fasahar sadarwa da injiniyancin manhaja a tsangaya ɗaya. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna tana da sashen tsaron intanet, kuma digirin jami'o'in fasaha irinta shekara 5 ne. Ka kula kada ka rikita tsarin bayanai da Library and Information Science, wannan karatun aikin laburare ne, fanni mai daraja amma hanyarsa dabam.

Ka tabbatar NUC ta amince da kwas ɗin a wannan jami'ar, musamman sababbin sassan da aka buɗe bayan 2022, domin kwas marar amincewa yana iya hana ka tafiya bautar ƙasa. Idan jami'ar tana kusa, ka je sashen da ƙafarka, ka samu 'yan aji uku, ba 'yan aji ɗaya ba. Tambaye su kwamfuta nawa ke aiki a ɗakin gwaji, ko ana barin ɗalibi ya shiga bayan lakca, ko jarrabawar rubuta manhaja a kan na'ura ake yi ko a takarda, da kuma inda waɗanda suka gabace su suka yi SIWES. Idan aka ba ka kwas na kusa wanda ba shi ka cike ba, ka karɓa ka shiga; jami'o'i da yawa suna barin ɗalibi ya sauya sashe bayan aji ɗaya idan makinsa ya yi kyau kuma akwai gurbi, sai ka tambayi ƙa'idar a ofishin tsangaya tun makon rajista.